Tambaya da Amsa: Yaro mai ƙiriniya da karatun gida

Wasiƙu uku muka ɗauko wannan karon, dukansu daga Legas, kuma duk a kan abu guda. Ta farko ce za ta ci mafi yawan filin.

Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa bakwai, yana aji biyu a wata firamare ta kuɗi. Yaro ne mai ƙiriniya, ba ya minti biyar a zaune. Kullum sai malamarsu ta aiko da ƙara: ya bar bencinsa, ya tsokani wancan, ya cika surutu. Har yau bai iya haɗa baƙi ba, amma duk waƙar da aka yi musu a aji ya haddace ta. An yi dukan har an gaji. Yanzu da safe sai ya ce cikinsa na ciwo. Ni ina da NCE kuma ina gida, ina so in cire shi in koya masa da kaina, amma babansa ya ce zan lalata shi. Ina mafita? — Uwar yara uku, Agege

Wa alaikumus salam, Hajiya. Za ki iya, amma kada ki cire shi a wannan makon. Ki ba kanki sati uku ko huɗu ki gano abin da ke hana shi karatun, domin in matsalar a jikinsa take, za ta biyo shi har falonki.

Ki fara da ido. Yaron da ba ya ganin allo daga bencin baya, ko dai ya taso ya matso a ce ba ya ji, ko ya haƙura ya koma wasa. Ki lura ko yana matse ido, ko yana manne wa talabijin. Rashin iya karatu ba ya hana gwaji, asibiti na da allon hotuna da na alamomi domin irinsa. Sai kunne: bayan mura ruwa kan taru a bayan dodon kunne, ba ciwo ba zazzaɓi, amma yaro yana jin magana kamar an toshe masa kunne da auduga. A kuma auna jininsa, saboda ƙarancin jini, wanda tsutsar ciki da yawan maleriya da rashin abinci mai gina jini kan jawo, yana rage natsuwa.

Barci kuwa shi ne abin da muka fi zargi a Legas. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12. Ki lissafa na ɗanki. In ana tashinsa ƙarfe biyar don motar makaranta ta tsere wa gosulo, kuma zafi da ƙarar janareta ba sa barinsa ya runtsa sai sha ɗaya, awa shida ke nan. Babba in bai yi barci ba jikinsa mutuwa yake yi, yaro kuwa rawar kansa ƙaruwa take. In yana minshari, yana barci baki buɗe, ko numfashinsa na ɗaukewa ya dawo, likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya duba shi, don kumburin nama a bayan hanci ko a maƙogwaro na iya jawo haka. Wannan ba aikin wanzami ba ne, kada kowa ya ce a je a cire masa belu.

In duk waɗannan lafiya lau, sai a yi tunanin abin da likitoci ke kira ADHD, wato larurar da ke sa yaro ya kasa tsayar da hankali da jiki. Tana samun kimanin yara biyar cikin ɗari, kuma an fi gano ta a maza. Ba kowane mai ƙiriniya ke da ita ba. Likita zai so ya ji cewa alamun sun kai wata shida, suna bayyana a wurare biyu ko fiye, kuma suna hana yaron abin da sa'o'insa ke yi. Saboda haka ki roƙi malamar boko da malamin Islamiyya kowanne ya rubuta miki abin da yake gani. In a Islamiyya yana zama lafiya yana biya karatunsa, a boko kaɗai yake tayar da ƙura, to da alama darasin ne ya wuce shi, ƙiriniyar kuma mafakarsa ce. Ana duba irin wannan a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba, da asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja, da sashen yara na asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, wanda yake a Oshodi. Mun san yadda sunan Yaba ke faɗar wa mutane da gaba a garin nan. Kada wannan ya hana ki, larurar ba hauka ba ce. Kuma don Allah kada a ba shi maganin mura mai sa barci wai don ya lafa.

Maganar doka ma sai an yi ta, kuma a nan babansa yana da hujja. A Amurka da Ingila doka ta yarda da karatun gida a fili, a Jamus an hana. A Najeriya dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara, kuma ba ta ware wani tsari domin mai karatu a gida ba. Ta tanadi gargaɗi a karon farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu, sannan naira 5,000 ko wata biyu in an sake. Jihar Legas kuma tana da dokar kare haƙƙin yara ta 2007. Don haka shawararmu, kada sunansa ya fita daga rajistar makarantar da gwamnati ta amince da ita. Ki zauna da shugaban makarantar ku yi yarjejeniya a rubuce: ko yaron ya riƙa zuwa rabin yini, ko ya yi zango biyu a gida yana zuwa jarrabawar ƙarshen zango. In sun ƙi, ki nemi wata makarantar, ki kuma leƙa ofishin ilimi na ƙaramar hukumarku, wanda ke ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar Legas (LASUBEB), ki ji ta bakinsu. Mu dai muna ganin karatun gida ga irin ɗanki jinya ce mai wa'adi: zango biyu ko uku, da buri guda, ya iya karatu ya koma cikin 'yan'uwansa. In kika gabatar wa maigida da shi haka, da ranar farawa da ranar komawa, zai fi saurarenki.

Yanzu aikin kansa. Babban kuskuren iyaye shi ne su kwaso makaranta ɗungurungum su kafa a falo: tebur, jadawalin darasi tara, ƙarfe takwas zuwa biyu. Abin da ya kayar da shi a can shi za a sake ɗora masa. Yaro ɗan shekara bakwai da ke gaban malama shi kaɗai, awa ɗaya na zama ya ishe shi a yini, kuma a yanka ta huɗu, kowane zama minti 12 zuwa 15. Kafin zaman farko, bayan ya karya, a ba jikinsa minti ashirin: tsallen igiya, ƙwallo a tsakar gida, ko ya taya ki ɗauko ruwa a ƙaramin bokiti. Tsakanin zama da zama kuma minti biyar zuwa goma na motsi, ba na kallo ba. Ki sa agogo mai ƙara inda zai gan shi. Da ya buga, a tashi, ko da karatun na daɗi. Wannan yana da wuya ga uwa, don tana ganin yau kan ya buɗe, bari a ƙara. Kada ki ƙara. Yaron da ya tabbata cewa zaman yana da ƙarshe shi ne zai yarda ya zauna gobe. In minti 12 ya yi masa yawa, a fara da shida, a riƙa ƙara minti ɗaya ko biyu duk mako.

Ba dole ne ma ya zauna ba. Ya rubuta a tsaye jikin allon da kika rataye a bango, ko ya kwanta rub da ciki a tabarma. In kujera ce, ƙafarsa ta taɓa ƙasa, in ba haka ba zai yi ta lilo da ita. Fuskarsa ta kalli bango, ba ƙofa ko taga ba. Fensir ɗaya, takarda ɗaya, sauran kaya a ɗauke.

Zama biyu daga cikin huɗun na karatu ne, kuma da Hausa za ki fara. Mun san za a ce ai Turanci ake jarrabawa da shi. Haka ne, amma abin da ɗanki ya rasa shi ne gane cewa baƙi sauti ne, kuma in an haɗa sauti da sauti magana ce ke fitowa. Wannan sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa, kuma ya fi sauƙi a harshen da yaro ke ji. Rubutun Hausa galibi yadda aka rubuta haka ake faɗa, Turanci kuwa haruffa 26 ne ke ɗauke da sauti kusan 44. Makarantar allo ma haka take yi tun fil'azal: babbaƙu tukuna, sannan farfaru, kuma ba a wanke wa yaro allo sai ya iya na gabansa.

Ki yanka kwali ki rubuta harafi ɗaya a kowane yanki, ƙananan haruffa. Makon farko a, i, u da b, m, k. Ki koya masa sautin harafin, ba sunansa na waƙar ABC ba, domin sunayen ba sa haɗuwa su ba da kalma. Ki ajiye b, ki turo a kusa da shi a hankali kina jan sautin har su haɗu: ba. Sannan bi, bu, ma, ka. Kafin mako ya ƙare zai karanta baba, mama, kaka, baki. Ranar da ya karanta kalma da kansa, ki bar shi ya ruga ya nuna wa duk wanda ke gidan. Daga nan sabbin haruffa uku a mako sun isa: n, s, t, sai r, d, f, da e da o, a bar masu lanƙwasa da masu tagwaye irin su ƙ, ɗ, sh da ts zuwa ƙarshe. Tunda mai motsi ne, ki rubuta gaɓoɓin da alli a ƙasa, ki kira “su” ya yi tsalle ya dira a kai. Ya rubuta da yatsa a faranti mai yashi yana faɗin sautin. Cikin wata biyu yawancin yara kan fara karanta gajerun jimloli.

Abin da zai yaudare ki shi ne haddarsa. Kin ce waƙa ba ta yi masa wuya, to shafi ma zai haddace, ya riƙa zuba miki kamar yana karantawa. Ki riƙa cakuɗa kwalayen kullum, ki rufe hoto da tafin hannu, ki kuma ba shi kalmomin da ba su da ma'ana, kamar “numa” ko “tibu”. Wanda ya karanta waɗannan ya iya da gaske.

Sai ku tsallaka Turanci, da haruffan s, a, t, i, p, n, waɗanda ake haɗa sat, pin, tap da tin da su. Ki gaya masa ƙarara cewa wasu haruffan suna sauya murya in sun shiga Turanci: c ɗin “ciki” ba shi ne na cat ba. Matsalar p da f kuwa ta duk Bahaushe ce. Ki riƙe 'yar takarda a gaban bakinsa: a p leɓɓa biyu ke haɗuwa su fashe, takardar ta yi tsalle, a f haƙoran sama ke hawa leɓen ƙasa, iska ta zirara. Juya b da d ba abin tsoro ba ne a shekara bakwai. Amma in aka yi wata uku ko huɗu ana wannan aikin kullum, yaro bai iya jin cewa “masara” da “mota” da sauti ɗaya suka fara ba, ko abin da ya iya jiya ya ɓace yau kamar ba a taɓa yi ba, sai a nemi masani ya gwada shi saboda disleksiya, wato wahalar karatu da ba ta da alaƙa da ƙarancin basira.

Zama na uku lissafi. Ƙirga ɗaya zuwa ɗari waƙa ce, ba lissafi ba. Ki zuba murafun kwalba ashirin ki ce ya ba ki bakwai. In ya ɗebo a dunƙule, daga nan za ku fara. Ya san duk hanyoyin da lamba biyu ke haɗuwa su ba da goma: shida da huɗu, bakwai da uku. Sannan ki karya tsinken tsintsiya, ku ɗaure goma-goma da roba: ɗauri biyu da tsinke biyar, ashirin da biyar. In za a cire takwas daga ciki, shi da kansa zai ga dole a kwance ɗauri ɗaya, kuma wannan shi ne “aron” da ake haddace wa yara a aji ba tare da sun san me aka ara ba. Ka'idar ita ce hannu tukuna, sannan zane, sannan lamba a takarda. Hausa ma tana taimaka masa a nan: “goma sha uku” ta faɗi goma kafin uku, daidai da yadda ake rubuta 13, alhali ta Turanci ta juya su, kuma tana kama da ta 30 a kunne.

Zama na huɗu ki karanta masa labari, ko ki yi tatsuniya ki tsaya a tsakiya ki ce me yake gani Gizo zai yi. Rubutu layi biyu masu kyau sun fi shafi guda na kuka.

Game da tarbiyya, umarni ɗaya a lokaci guda. Ki durƙusa daidai tsayinsa, ki dafa kafaɗarsa, ki faɗa, ya maimaita. “Je ka wanke hannu ka ɗauko littafi ka kira ƙaninka” umarni uku ne, na farkon kawai zai riƙe. Ki ajiye kwalba, duk zaman da ya kammala ki jefa ƙwayar wake a ciki a gabansa. Wake huɗu, lada a ranar: ya zaɓi tatsuniyar dare, ko ya raka babansa masallaci. Alkawarin keke a ƙarshen zango ba ya aiki a kan irin waɗannan yara, ya yi musu nisa. Kada kuma ki cire waken da ya riga ya samu don ya yi laifi daga baya, kuma kada horonsa ya zama hana shi wasa, don wasan ne ke sauke masa abin da ke cinsa. Bulala kuwa kun gwada, kin ga abin da ta haifar: ciwon cikin safe.

Ki buɗe littafi guda na tarihin aikin, kullum kwanan wata da layi biyu. Ƙarshen kowane wata ki ba shi shafin da bai taɓa gani ba, ya karanta na minti ɗaya, ki ƙirga kalmomin da ya faɗa daidai ki rubuta. Wannan lambar ita za ki nuna wa babansa da makarantar.

Ni ɗan kasuwa ne, ina fita tun asuba. Maiɗakina ba ta yi boko ba. Yaronmu irin wannan halin gare shi. In ɗauko malamin lesin? — Magidanci, Mile 12

Alhaji, ka ɗauko, amma yaron ya ci gaba da zuwa makaranta, tunda babu mai riƙe masa karatun safe a gida. Awa ɗaya sau huɗu a mako ta fi awa uku ranar Asabar. Kada a yi lesin da zarar ya sauke jaka, a bari ya ci abinci ya yi wasa.

Kafin ku daidaita kuɗi, ka zauna ka kalli darasi ɗaya. Ka lura wa ya fi magana, malam ko yaro. Ka ga ko ya fara da gwada abin da yaron ya sani, ko kuwa ya buɗe littafin ajin kawai ya hau. Yawancin masu lesin aikin gidan da aka bayar a makaranta suke taya yaro cikewa, littafi ya yi ta samun maki, yaro kuwa yana nan inda yake. Ka ce masa kai karatu kake so yaron ya iya. Manhajar firamare hukumar NERDC ce ke tsara ta, jihar Legas kuma tana da jadawalinta na abin da za a koyar kowane mako, makarantar za ta iya nuna muku. Biya wata-wata, ba zango-zango ba. A yi darasin a falo ko baranda, ƙofa buɗe, da babba a kusa, ko da malamin ɗan'uwa ne.

Hajiya kuma kada ta ga ba ta da rabo. Ita za ta tsare lokacin barci, ita za ta sa shi ƙirga tumatir da canjin cefane, kuma sauraren yaro yana karanta Hausa ba ya bukatar satifiket, in ya yi kuskure kunnenta zai kama.

Jikana ake so a zaunar a gida. Ni tsorona ya rasa abokai, ya kasa jin Yarbanci da Turanci, ga shi a Legas zai rayu. Sun ce akwai karatu a waya. — Kaka, Obalende

Tsoronki na kan hanya, Hajiya Babba. Islamiyyar yamma za ta ba shi abokai, amma yawanci Hausawa 'yan'uwansa ne. Tun 2018 jihar Legas ta yi dokar da ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantunta, don haka in ya koma zai tarar da shi a jadawali. A bar shi ya yi wasa da 'ya'yan maƙwabta kullum, a nan zai tsinci harshen fiye da a littafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa haki a kowace rana, kuma ɗaki da falo a gidan haya ba za su ba shi wannan ba. A sa shi ƙungiyar ƙwallon yara ta unguwa. Gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan ma nan kusa da ku yake, fita guda can darasi ce.

Waya kuwa ba malama ba ce. Yaro mai ƙiriniya zai yi awa biyu shiru a gabanta, iyaye su ɗauka ya natsu, alhali hoton ne ke sauyawa kowane daƙiƙa yana riƙe masa ido. In an karɓe, takarda sai ta zame masa lami. In za a yi amfani da ita, minti goma sha biyar, bayan an gama karatun takarda, babba na zaune a gefe, kuma a kashe awa ɗaya kafin barci.

Ki kuma tuna wa iyayen jarrabawar ƙarshen firamare. Ta shiga makarantun gwamnatin tarayya irin su King's College da Queen's College hukumar NECO ce ke shirya ta, jihar Legas kuma tana da tata ta shiga ƙaramar sakandare, wadda makarantu ke yi wa ɗalibansu rajista. Don haka ya koma aji tun kafin aji biyar. Ranar komawa makarantar za ta gwada shi. In suka ce sai ya sauka aji ɗaya ƙasa da sa'o'insa, a karɓa, a roƙa masa bencin gaba kusa da malama, a kuma nemi ta riƙa aikensa raba littattafai ko goge allo duk lokacin da ta ga ƙafarsa ta fara rawa.